Littafin Tsohon Jirgi da Rufin Ɗakin Iya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

'Yar Iya,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fatan kin sauka lafiya, kin sami masauki mai kyau da mutanen kirki. Idan kina karanta wannan takarda, to kin isa bariki ke nan, kin buɗe jaka, kin ɗaga ƙullin kuka da daddawa kin same ta a ƙasa. A can na ɓoye ta don kada ki gani tun kina Kibiya. Allah ya tsare ki gaba da baya, ya tsare hannunki, ya tsare waɗanda za ki yi aiki da su.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san sai da na yaye Auta sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya riga ya saba da taɓarya kafin ya san biro. Kwana biyar na yi ina rubutawa, kullum bayan azahar, lokacin da kike fita sallama da dangi. Za ki ce me ya hana in faɗa miki da baki, ga mu gida ɗaya har mako biyu. Na gwada. Ran Talata na kira ki kina wanki, kika zo kika durƙusa, na buɗe baki sai na ji ina cewa ki miƙo mini ludayi. Ke 'yar fari ce, ban saba kallon idonki ba, ke ma ba ki saba kallon nawa ba.

Maganar jirgin nan ce ta hana ni sukuni.

Kin tuna ranar da kika dawo daga horo, da la'asar, muna tsakar gida ina tsince wake, babanki ya ce ki nuna masa abin da gwamnati ta ɗauke ki ki gyara? Kika buɗe waya kika nuna masa. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Wannan ɗan abin? Ai na ɗauka ya kai motar Alhaji Nuhu uku. Fasinja nawa yake ɗauka?"

Kika ce, "Mutum biyu, Baba. Ɗaya gaba, ɗaya baya."

Ya ce, "Biyu kacal! To wannan ai acaɓa ne aka yi wa fukafukai."

Kika yi dariya har da riƙe ciki, sannan kika shiga ba shi tarihinsa. Ni kaina yana ƙasa, kamar ba na ji, amma babu abin da ya wuce ni. Bari in maimaita miki yadda na riƙe, in na yi kuskure ki gyara mini. Kin ce daga ƙasar Turawa aka sayo jiragen tun ba a ɗaura aurenmu da babanki ba. Kin ce da farko don koya wa sababbin matuƙa aka kawo su, daga baya aka rataya musu makamai. Kin ce an kai su wata ƙasa ta bakin teku da ake yaƙin basasa, sojojinmu suka je rabon faɗa, jiragen suka yi aiki a can har suka gaji. Da suka dawo sai kayan gyara suka yanke, aka jera su a rumfa shekara da shekaru, tayoyi suka sace, tsuntsaye suka yi sheƙa a cikin wani. Sai fitina ta tashi a nan cikin gida, aka rasa na aikawa, aka tuna da tsofaffin, aka kakkaɓe su. Aka cire hantar wannan aka sa wa wancan, aka sayo wasu 'yan gwanjo daga waje aka ƙara. Kin ce wasu sun tafi aiki ba su dawo ba.

Babanki ya ce, "Ashe sa'ana ne. Shi ma da sassafe sai an tura shi yake tashi?"

Kowa ya yi dariya ban da ni, don a nan kaina ya fara ɗaurewa. Abin koyarwa ne ko abin yaƙi? In ya tsufa, me ya sa ba a bar shi ya huta ba? In kuma bai tsufa ba, me ya sa aka yasar da shi har tsuntsu ya yi ƙwai a cikinsa? Injin ban-ruwan babanki damina ɗaya ya kwana a zaure, da rani ya zo sai da aka kai shi Rano sau biyu, kuma shi a ƙasa yake aiki, in ya mutu tumatir ne kawai zai ji ƙishirwa. Har yau ban gane yadda ake ɗauko abin da ya yi shekaru a kwance a ce wa ɗan mutane ya hau ya shiga gajimare ba.

Amma ba wannan ne ya tsayar mini da hannu a cikin waken ba. Kin ce kowane jirgi yana da littafinsa, babba, tun ranar da ya zo ƙasar nan. Duk inda ya je, duk abin da ya taɓa damunsa, duk notin da aka canza, an rubuta. Kin ce akwai rubutun mutanen da suka daɗe da rasuwa a ciki, kina buɗewa kina ganin hannunsu. Kuma kafin jirgi ya tashi, wanda ya duba shi sai ya sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, matuƙi ya karanta, ya yarda, ya hau. Babanki ya ce, "In kuma ba ƙalau ba fa?" Kika ce sai a ƙi sa hannu. Sannan kika ƙara da ƙaramar murya, "Sai dai wani lokacin ana sauri, Baba. Babba yana tsaye a kanka yana duba agogo."

'Yar Iya, da kika faɗi haka kin sunkuyar da kai. Na san wannan sunkuyon. Ni na koya miki shi, kuma na san ranar.

Kina shekara tara. A ɗakin kakarki Iya kike kwana, kamar yadda kike tun da aka yaye ki, shi ya sa kowa ke ce miki 'Yar Iya. A ranin shekarar da ta gabata ne Baffanki magini, yayan babanki, ya sake wa ɗakin rufi. Azarar giginya ta ƙare masa saura kaɗan, sai ya cike gurbin da itacen mangwaro guda uku, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa, ya yi yaɓe mai kyau. Na gani da idona lokacin da yake sawa. Ko mace ta san gara ba ta cin azara amma mangwaro tuwonta ne. Ban ce komai ba. Matar ƙane ce ni, wace ce ni da zan koya wa magini gini?

Ke kuwa tun kina ƙarama ba kya ganin abu ki bar shi. Kina kwance rigingine kika hango hanyar gara a jikin itacen, kika hau turmi, kika sa kara, kara ya shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ranar Juma'a ce, maza sun dawo daga masallaci, Baffanki ya shigo gaishe da Iya tare da baƙi biyu daga Madachi, garinmu, ɗaya ma ƙanen babana ne. Yana nuna musu rufin yana cewa, "Wannan sai jikokinmu sun gaji da shi." Sai ga muryarki daga bayan gadon Iya: "Baffa, ruɓaɓɓe ne. Na sa kara ya shige."

Baffanki ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "To, ga sarkin magina an haifa mana. Sai in kawo miki magirbi da kwando." Sannan ya juyo ya dube ni ina bakin ƙofa da kwanon fura, ya ce, "Haka ake tarbiyya a Madachi?"

Na ajiye kwanon, na jawo ki zuwa bayan rumbu, na mare ki. Ba sau ɗaya ba. Na ce miki in babba ya ce abu lafiya, to lafiya ne. Na ce in aka tambaye ki, "to" da "lafiya lau" sun ishe ki. Kika ce, "Inna, ki zo ki gani," kina kuka kina jan zanena. Ban je ba. Ba don ban yarda da ke ba, wannan shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ƙi zuwa ne don na san in na gani dole in yi magana.

Sauran kin sani. Tsakiyar damina, ruwan kwana uku, rana ta ukun bayan azahar Iya ta shiga ta ɗan kishingiɗa. Ke na aike ki kai niƙa, Allah ya sa. Ina madafa na ji kamar an kayar da buhu goma lokaci ɗaya. Da aka tono ta tana salati, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu, Iya ba ta sake taka ƙasa ba har ta koma ga Allah, shekara huɗu a kan tabarma. Mutane suka yi ta zuwa jaje suna cewa ƙaddara ce, ni ma ina amsawa ƙaddara ce. Ke kina gefe kina yi mata fifita, ba ki ce uffan ba, ba ki dube ni ba. Tun daga ranar ban sake jin kin musa wa babba ba. Mata suna yaba mini, suna cewa 'yarki akwai kunya, ni kuwa ina jin daɗi. Ki ji fa, ina jin daɗi.

Na sha zuwa da niyyar in ce miki ke ce mai gaskiya. Shekara goma sha shida ke nan ban faɗa ba. Yau na faɗa. Ke ce mai gaskiya, ni ce na yi laifi, kuma marin nan ina roƙonki ki yafe mini shi.

Yanzu ga inda na rasa yadda zan yi. Na tambayi maƙwabcinmu Malam Isa, tsohon soja, na ce yaya aikin yake? Ya ce, "Maman Auta, soja ba ya cewa a'a. In an ce tsaya, ka tsaya, in an ce faɗa rijiya, ka tambaya da ka ko da ƙafa." Ya faɗa yana dariya, ni ban yi ba. Ke nan ni na yi shekaru ina koya miki shiru, su ma sun ɗora nasu a kai, sannan an ba ki biro an ce ran mutum biyu yana bakinsa. To wanne za ki bi? In na ce ki yi musu, ina tsoron su kore ki, ko su kulle ki, ko su sa miki ido, ga ki mace a cikin maza, nesa da gida. In na ce ki yi biyayya, ina ganin rufin Iya. Na kwana uku ina juya maganar, na rubuta shafi ɗaya na yaga. Ban san dokarku ba. Wataƙila akwai yadda ake faɗa da ladabi, ki tambayi tsohon sajen nan da kika ce yana yi muku kamar uba. Ki durƙusa in ana durƙusawa, ki ƙame in ƙamewa ake yi, ki ce ranka ya daɗe sau goma. Amma in kin sa kara ya shige, kada ki sa hannu. Wannan kaɗai na tabbatar. Matuƙin nan da zai karanta littafin yana da uwa a wani gari, ita ma wataƙila tana zaune tana tsince wake.

Akwai wani kuskuren, shi ma ɗan'uwan na farko ne. Da na shiga ajin manya, Malama Binta takan rubuta abu a allo ta juyo ta ce, "Kun gane?" Mu duka sai mu ce, "Mun gane, Malama." Ni wata uku ina cewa na gane alhali baƙaƙen suna yi mini kama da sawun kaji. Kunya nake ji, ga yaran da na girme wa iyayensu suna leƙe ta taga. A cikin wannan hali babanki ya sayo maganin feshi daga kasuwar Kibiya, ya ce, "Tunda yanzu muna da 'yar boko a gida, karanta mana murfi nawa ake zubawa." Yana tsokanata ne, amma yara suna kallo. Na riƙe kwalbar, na ƙura mata ido, na ga wata lamba da na sani, na ce biyar. Ashe biyar ɗin maganar wani abu ce daban. Kwana biyu irin tumatir ɗinmu ya ƙone ƙurmus, fangali takwas. Babanki ya tsaya a bakin fadama ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai, boko akwai zafi." Bai ƙara ba, amma shekarar nan sai roƙon iri muka yi a maƙwabta.

Ranar Asabar na koma aji, Malama ta ce kun gane, na ɗaga hannu na ce, "Ni dai ban gane komai ba tun ranar farko." Sai Hajiya Ladi daga bayan aji ta ce, "Wallahi ni ma." Sai ga hannuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, kusan rabin aji. Malama ta zauna a kan benci ta yi dariya har da hawaye, ta goge allon, muka koma farko. Daga ranar na fara karatu.

Na ga littattafan da kika zo da su, masu zanen ciki da hanjin jirgi, da Turanci ƙanana kamar tururuwa. Na san kin fi ni kai nesa ba kusa ba, tun kina sakandare ke kike kwance injin niƙan unguwa ki mayar. Duk da haka wata rana za a nuna miki abin da ba ki sani ba, a gaban maza, ana jiran a ga ko macen za ta iya. Ki ce ban gane ba. Za su yi dariya, su yi. Jirgin da ya girme ki, wanda hannu ɗari suka taɓa, kowa ya yi masa nasa ɗinkin, ba abin da za a yi wa cika-baki ba ne.

Sai maganar Jumma. Wannan ban san ko kuskure na yi ba, ko rabin kuskure, ke za ki faɗa mini. Kin san Jumma mai nono, ta rugar hanyar Dawaki, wadda take kawo mana tun kina goye. Makon da aka ce kin ci jarrabawa, na cika da alfahari, tana sauke ƙwarya na ce, "Jumma, 'Yar Iya fa ta zama sojan sama. Jirgin yaƙi za ta riƙa gyarawa." Ta yi murna, ta ce barka, ta ƙara mini ludayi biyu gyara. Tana naɗa gammo sai ta ce, "Maman Auta, shi jirgin in yana can sama, yana bambance ɓarawo da makiyayi?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Masu gaskiya ai ba sa tsoron hukuma."

Ta ce, "Haka ne." Ta ɗora ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ƙanwata tana aure can yamma, cikin daji. Ɓarayi sun kwashe musu shanu, sun kashe mijin 'yarta. Ta ce kullum addu'a suke jirgi ya zo. In kuma ya zo, sai su kwashi yara su shige ƙarƙashin kalgo, suna addu'a ya wuce."

Ta tafi. Mako uku ba ta biyo ta layinmu ba. Da ta dawo mun gaisa lafiya lau, ba wadda ta tayar da zancen, amma har yau ina jin nauyinta. Na yi mata kaifin baki don ta taɓa mini alfaharina, alhali tambayarta ni ma ina da ita. Na san ba ke kike zaɓar inda zai je ba, ke noti da sifana ne naki. Na san kuma akwai garuruwan da ba don jiragen nan ba da yanzu babu kowa a cikinsu, a rediyo muna ji. To in yi murna ne ko in yi kuka? Da safe in na tuna sai in ji kaina ya yi girma, da yamma sai in ji gabana yana faɗuwa, kuma abu ɗaya ne. Ba ni da shawara a nan. Abin da zan ce kawai, duk ranar da kika ga ya tashi da kaya ya dawo babu, kada ki yi tafi da sauri. Ki yi wa na sama addu'a, ki yi wa na ƙasa. Kuma in wani ya yi miki tambaya irin ta Jumma, kada ki amsa masa yadda na amsa.

Ni kaina na san tsoron abin nan. Kina wata biyar, muna cirar gyaɗa a gonar bayan gari, na kwantar da ke a inuwar ɗorawa. Ban ga komai ba sai ƙara, kamar an yage sama gida biyu. Na ɗauka tashin ƙiyama ne. Na yar da fartanya na zura da gudu, sai da na kai gonar maƙwabta na tuna na bar ki. Na dawo a guje, na same ki kwance, idonki a sama, kina wasa da ƙafa. Da na ba babanki labari na ce goye kike a bayana. Ƙarya na yi. Ranar da kika nuna hoton nan na so in tambaye ki ko irinsa ne ya wuce ta kanmu, sai na ji kin ce a shekarun nan yawancinsu suna kwance a rumfa. To ban sani ba, ko shi ne ko wani. Na dai san uwarki ta gudu, ke ba ki gudu ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini wuya, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Ba zai yiwu in cika takarda da cewa kada ki ɓoye ɓaraka ba, alhali ina zaune a kan tawa.

Duk watannin da kike wurin horo, in kin bugo waya kin ce Inna yaya jiki, nakan ce lafiya lau. Shekaranjiya da na zuba shayi a gefen kofi kika ce Inna lafiya, na ce hankalina ne ya tafi wani wuri. Kika dube ni, kika buɗe baki, sannan kika sunkuyar da kai kika ce to. Da kin san yadda "to" ɗin nan ya soke ni. Ba hankalina ba ne. Idona na hagu ya rufe tun kafin azumi, wani farin abu ya hau kansa, hasken ƙofa kawai nake gani da shi. Na dama ma ya fara, shi ya sa nake rubutu da azahar a tsakiyar rana, shi ya sa kuma layukan suke hawa suna sauka. Hoton jirgin da kika miƙo mini na ce ma sha Allah, ban ga komai ba sai wani abu toka-toka. Na ɓoye don kada ki fasa tafiya, kuma don ina tsoron a ce za a sa mini wuƙa a ido. Na yi ta sa kwalli da ruwan tofi ina cewa zai washe.

Jiya da na kai wurin rufin Iya a rubutun nan, na ajiye biro, na je na sami babanki a zaure na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Shi ya sa wata biyu ina cin tsakuwa a wake, ina cewa haƙorana ne suka tsufa." Ya riga ya yi magana da Alhaji Nuhu direba, ranar Litinin ta sama za mu shiga Kano asibitin ido. Hajiya Ladi ta ce an yi wa yayarta irinsa ta warke har tana zura allura. Ban sani ba ko nawa irin nata ne. Tsoro nake ji, ba zan ce miki ba na ji ba. Kada ki nemi izinin dawowa, ba don haka na faɗa ba, Auta da babanki sun isa. Na faɗa ne don ki san wannan karon na je na gani, kuma na yi magana. In kin bugo ki tambaye ni jiki, in na ce lafiya lau, ki sake tambaya. Bakin ya saba, sai a hankali.

Kin ce a littafin jirgin ba lamba kawai ake sawa ba, mutum yana rubuta sunansa cikakke, ya zauna a nan ko bayan ransa. Na yi ta tunanin wannan. Sunan da za ki riƙa rubutawa, ni ban taɓa kiran sa ba tun ranar da liman ya raɗa miki shi. Haka muka tarar ana yi wa ɗan fari, haka uwata ta yi wa yayana. Amma ranar da muka koma farko a aji, da aka tashi, na tsaya har kowa ya fita, na ce wa Malama Binta akwai kalma ɗaya da nake so ta fara koya mini. Ban iya faɗa mata ba, sai da ta yi ta lissafo sunayen 'ya'yana har ta zo kansa na gyaɗa kai. Kafin in iya rubuta nawa na iya naki. A ƙasan madafa nake rubutawa da tsinke, in na ji motsi in share da ƙafa. Tunda ban san abin da Litinin za ta zo da shi ba, bari in rubuta shi inda ba zan share ba, tun ina ganin bakin biro.

Zulaihatu.

Ga shi nan. Sunan kirki ne, tsaf na ba ki shi. Kada ki sa shi a ƙarƙashin abin da idonki bai yarda da shi ba, ko wane ne yake duba agogo.

Babanki yana gaishe ki, ya ce ki gaida masa sa'ansa tsohon jirgi, ki ce masa su biyun su riƙa bi a hankali. Auta tana gaishe ki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba daɗi, kukar nan ki shanya ta in ta yi sanyi. Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da wuta da sharrin mutum. Allah ya ba ki ido mai gani da bakin da zai faɗi abin da ya gani. Duk wanda ya hau abin da kika taɓa, Allah ya sauke shi lafiya ya mayar da shi ga uwarsa. Allah ya sa in sake ganin fuskarki, da ido biyu ko da ɗaya. Amin.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna, daga Kibiya.